DARASI: Yadda Za Ka Shirya Tsohuwar Jif Ta Ja Tirelar Kayan Gona



Wani ɗan uwa ya tambaye ni: "Ina da tsohuwar jif, ina son in haɗa mata ƙaramar tirela don ɗauko abinci da ruwa, amma ba ta da ƙarfi. Me zan ƙara wa injin?" Kafin in amsa, bari in ba ku labarin abin da ya same ni.

Farkon fara kiwona a nan Kalgo, Baba ya bar mini tsohuwar Highlander ɗinsa ƙirar 2004. Na sa mai walda ya haɗa mini tirela. Ranar wata Asabar cikin watan Afrilu na loda buhu 20 na abincin kaji a Birnin Kebbi, na cika tankin ruwa mai lita 1,000, na kamo hanya da tsakar rana. Ban kai gida ba giya ta fara zamewa, warin ƙuna ya cika motar. Dattijon makaniken da ya zo ya dubi lodin, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mi ka aza mata haka? Wagga mota ba gingimari ta ba." Kuɗin gyaran giyar ya cinye ribar kajin wannan zagayen kaf. Garin neman gira na rasa ido.

1. FARA DA LISSAFI

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya ce ta ja, yana cikin littafinta. Yawancin jif ɗin da muke saye na hannu daga Amurka suka fito, ga misalin iyakarsu:

• Honda CR-V ta 2002 zuwa 2006: kimanin kilo 680
• Toyota Highlander mai V6 ta 2001 zuwa 2007: kimanin kilo 1,590, shi ma in ta zo da kayan jan tirela daga kamfani
• Toyota 4Runner mai V6 ta 1996 zuwa 2002: kimanin kilo 2,270

Wannan adadin na mota ce tana sabuwa. Wadda ta shekara 20 tana shan ranar Kebbi, ni shawarata kar ka wuce kashi 80 cikin 100 na iyakarta. A Highlander, wajen kilo 1,270 ke nan.

Yanzu auna kayanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Buhun abincin kaji kilo 25, na kifi yawanci kilo 15. Ita kanta tirelar tana cikin lissafi. Ga lodina na ranar nan: tirela kilo 400, tanki 60, ruwa 1,000, abinci 500. Jimilla 1,960. Na wuce iyaka da kilo 370. Ko wane irin gyara na yi wa injin, da wannan lodin sai motar ta kwanta.

2. DAWO DA ƘARFIN DA YA ƁACE

Yawancin masu cewa motarsu ba ta da ƙarfi, ƙarfinta na asali ne ya zube a hankali ba su lura ba. Shi za ka fara nema, kuma shi ya fi araha:

• Matatar iska: ƙurar hunturu tana toshe ta, injin da ba ya shaƙar iska kuwa ba zai ja ba. Duba ta duk wata.
• Fulogi: sa irin lambar da kamfani ya ce, kuma a sauya su gaba ɗaya.
• Famfon mai da nozul: in motar tana shaƙewa duk sanda ka taka totur a hawa, a duba su.
• Abin cikin salansa da makanikai ke kira indomi: in ya toshe yana danne injin, sai a sauya shi. In lafiyarsa lau, ciro shi ba zai ƙara maka komai ba.
• In wutar injin tana kunne a dashbod, a sa kwamfuta a karanta matsalar. Kar a manna mata baƙin tef.

3. ZAFI SHI NE BABBAN ABOKIN GABA

Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Mota mai jan kaya tana aiki ninki, iskar da za ta sanyaya ta kuma da zafinta take zuwa. A wanke lagireto ciki da waje, in ya tsufa a sauya. A duba fanka, fambel da murfin lagireto. A daina zuba ruwan rijiya ko na leda, yana kawo tsatsa da toshewa. Ruwan lagireto na kanti shi ya dace. Akwai kuma al'adar cire tamostat da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Kuskure ne. Shi ke riƙe injin a kan zafin da ya dace, in babu shi mai za ta ƙara sha.

4. GIYA: NAN KUƊINKA YA FI AMFANI

In motarka otomatik ce, giya ce ke fara mutuwa kafin injin. Jan nauyi yana dafa man giya, in ya ƙone kuma faifan ciki su fara zamewa. Zaro sandar awo ka duba: lafiyayyen mai ja ne, wanda ya ƙone yana yin duhu yana wari. Zuba irin wanda aka rubuta a littafin motar kawai.

Sannan ka sa a ɗaura maka ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban. A duk ƙarin da za ka yi wa motar, wannan ne na ɗaya a wurina. Da na san shi tun farko da ban yi waccan asarar ba. In kana ja kuma, danna maɓallin O/D ya nuna a kashe, don giyar ta daina hawa da sauka a kai a kai. Wannan hawa da saukar ne ke tara zafi.

5. BIRKI, TAYA DA MAHAƊI

Jan kaya ya fi tsayar da shi sauƙi. A hanyar Kalgo zuwa Jega ko ta Bunza, garken shanu ko ɗan acaba na iya faɗo maka ba zato. Sabunta birki da mansa. In tirela da kayanta sun haura kilo 750, ya kamata ita ma tana da nata birkin.

A jikin taya akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya da lodi da zafin kwalta ba sa zama wuri ɗaya. A sauya shokozoba na baya in sun mutu. Mahaɗin tirela a jikin shasi ake ɗaure shi da manyan notuna, kar ka yarda a liƙa shi a bamba. A sa sarƙa biyu na ko-ta-kwana, a ja wa tirelar wutar birki da sigina.

6. TO ƘARIN ƘARFIN FA?

Masu 4Runner ko Pathfinder suna iya sauya haƙoran aksil zuwa masu ƙara ƙarfin ja. Motar za ta tashi da lodi cikin sauƙi, amma za ta ƙara shan mai a doguwar tafiya, kuma in mai ja da ƙafa huɗu ce dole a sauya gaba da baya iri ɗaya. Ɗaura turbo a injin da ya gaji kuwa hanyar buga shi ce, ka bar ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wasu ke mayar da motocinsu masu gas. Akwai sauƙin kuɗi, sai dai ƙarfin injin yana ɗan raguwa, tukunyar gas ɗin kuma nauyi ce a baya. Sa wannan a lissafinka.

Ka riƙe wannan: duk abin da ka ƙara, iyakar da kamfani ya sa ba ta matsawa, don shasi da birki suna nan yadda suke.

7. LODI DA TUƘI

• Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan aksil da ɗan gabansa. Kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗi. In baya ya fi nauyi za ta riƙa wutsiya.
• In ta fara wutsiya, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sak, kar ka danna birki da ƙarfi.
• Gara tankin lita 500 a cike da na 1,000 rabi. Ruwan da ke kai-komo yana tura mota ranar taka birki.
• Tarwaɗa mai rai: a daina ba ta abinci kwana ɗaya kafin tafiya, a tashi bayan sallar asuba.
• 'Yan tsaki ba kayan tirela ba ne. Cikin mota ake sa kwalayensu, inda iska ke ratsawa.
• Ni ba na wuce gudun 60 zuwa 70 da tirela.

Yau lodina buhu 30 na abincin kaji ko 50 na kifi, da tirelar kilo 1,150. Ruwa kuma sawunsa daban. Tun daga nan motar ba ta sake kwana a gareji don giya ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ƙirga sau nawa kake ɗauko kaya a wata. Mai kaji 200 ko kifi 500, hayar a-kori-kura ta fi masa sauƙi. Wanda ya kai matakin kai ƙwai kasuwa duk mako, ko sayar wa manoman albasa na Aliero kashin kaji, shi ne tirela za ta biya kanta a hannunsa.

Mai tambaya ya faɗi sunan motarsa, shekararta da abin da yake son ja, sai mu yi lissafin tare. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana hanya. Amin.