Darasi: Wane Ne Marar Aiki, Wa Kuma Ake Biya a Ingila?

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata magana da muke yawan ji a wajen shan ataya, daga Nima har Kumasi, wai a Ingila ko mutum ba ya aiki gwamnati za ta riƙa biyansa. Akan sami wanda zai ɗora shirin tafiya a kan wannan magana, har ya sayar da abin hannunsa. Saboda haka ya kamata mu raba abubuwa biyu da ake cuɗawa, wato wanda aka ƙirga a matsayin marar aiki, da wanda ya cancanci kuɗin tallafi.

Na farko: Wa ake kira marar aiki?

A shekarar 1982 taron masana ƙididdiga na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya kafa sharuɗɗa uku: mutum ya kasance ba shi da aiki, a shirye yake ya kama aiki, kuma yana kan nema. A Ingila sai ya nemi aiki cikin mako 4 da suka wuce, kuma zai iya farawa cikin mako 2. Abin lura a nan shi ne, wanda ya yi aikin kuɗi ko na awa ɗaya a makon da aka tambaye shi, ma'aikaci ne a wannan lissafi. Alal misali, saurayin da ya bi motar trotro yini guda aka sallame shi, ya fita daga sahun marasa aiki. Haka nan wanda ya gaji da nema ya zauna gida, shi ma ba a ƙirga shi.

In aka canza mudu, awo ma sai ya canza. Mun ga haka a Nijeriya, inda adadin ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai ga shi kashi 4.1 a farkon 2023, bayan hukumar ƙididdiga ta koma ma'aunin awa ɗaya.

Na biyu: Ƙirge iri biyu

Mu koma Ingila. Can ana da adadi biyu. Ɗaya daga bin gidaje ana tambayar mutane bisa sharuɗɗan da muka ambata, ɗayan kuwa daga lissafin masu karɓar tallafi. Wannan na biyu da doka yake tafiya, domin duk wanda doka ta hana wa kuɗi ya ɓace daga cikinsa. A 1988 an cire yawancin 'yan shekara 16 da 17 daga tallafin, nan take adadin ya sauka, alhali yaran suna nan suna neman aiki.

Na uku: Wa ake biya?

A watan Oktoba 1996 aka kawo Jobseeker's Allowance, aka rage wa'adin biyan masu gudummawa daga wata 12 zuwa wata 6. Daga 2013 kuma aka fara Universal Credit domin masu ƙaramin ƙarfi. Ga yadda masu neman aiki suka kasu:

1. Wanda ya yi aiki aka cire masa isasshen kuɗin inshorar ƙasa cikin shekarun haraji biyu na baya. Shi ana biyansa har kwana 182, muddin aikinsa bai kai awa 16 a mako ba.

2. Wanda ba shi da wannan gudummawa. Sai an duba abin da ke shigo masa, da na matarsa ko mijinta. In ajiyarsu ta wuce fam 16,000, babu Universal Credit.

3. Matashin da bai kai shekara 25 ba. Kason da ake ba shi bai kai na manya ba.

4. Ɗalibi mai cikakken karatu. Galibi ba ya samu.

5. Baƙo mai bizar karatu ko ta aiki. Yawanci akwai sharaɗi a takardarsa cewa ba shi da rabo a kuɗin jama'a, don haka Universal Credit ta haramta gare shi. Mai neman mafaka kuwa galibi aikin ma ba a yarje masa ba.

To, 'yan'uwa, kashi na biyar shi ne namu idan mun sauka can. Mu kuma sani cewa ko mai haƙƙin sai ya riƙa nuna shaidar neman aiki, in ya yi sakaci a yanke masa. A nan gida Gana, SSNIT tana biyan fanshon tsufa da na nakasa da haƙƙin magada, amma rashin aiki ba ya cikin abin da take biya. Ke nan ko nan ko can, sana'ar hannu da takardar shaida su ne jarinmu. Kafin ɗayanmu ya sayar da kekensa na ɗinki, ya fara tambaya wace irin biza zai samu, da abin da aka rubuta a jikinta.

Tambayoyin bita

1. Kawo sharuɗɗa uku na marar aiki.
2. Me ya sa adadin masu karɓar tallafi ya sauka a 1988?
3. A wane kashi ɗalibin da ya je Landan daga zango yake?