MAGANIN CIYAWA DA HAIHUWAR DABBOBINKA

Manomi, yau maganin kashe ciyawa ya shiga kusan kowane ƙauye. Yana rage wahalar sharar gona da noman firi, yana kuma rage kuɗin ƙwadago. Amma akwai ɓarnar da zai iya yi wadda ba a ganinta ranar feshi, sai bayan shekara guda ko fiye, kuma a turken awaki da tumaki za a gan ta. Wannan takarda za ta nuna maka yadda abin yake da yadda za ka kare dukiyarka.

TUN A CIKI AKE SHIRYA HAIHUWA

Kowace macen dabba tana da gidan ƙwai guda biyu a cikin cikinta, kusa da mahaifa. Daga nan ƙwan da ke zama ɗa yake fitowa in an yi barbara. Abin da za ka riƙe shi ne, 'yar tunkiya ko 'yar akuya ko maraƙa da ƙwayayenta ake haifarta. Tun tana cikin uwarta aka shirya su, kuma ba ta yin sababbi bayan ta girma.

Tunkiya da akuya suna ɗaukar ciki wata biyar, watau wajen kwana 150. A tunkiya, wajen tsakiyar wannan lokaci ne ƙwayayen 'yar da ke ciki suke fara shiga 'yan jakunkunan da za su zauna. Bayan haihuwa kuma gidan ƙwai da mahaifa suna ci gaba da ginuwa. Saboda haka duk abin da ya taɓa su a wannan lokaci ya taɓa haihuwarta ta gaba.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANI

Cikin magungunan da aka daɗe ana fesawa a gonakinmu akwai gilaifoset, wanda ake sharar gona da shi, da atirazin, wanda ake fesa wa gonar masara da dawa. An gwada dukansu a kan dabbobi a ƙasashen waje.

A wata jami'a da ke Santa Fe, ƙasar Ajantina, an ba 'yan tumaki mata maganin gilaifoset kaɗan-kaɗan daga ranar haihuwa har kwana 14. Da suka kai kwana 45 aka duba cikinsu, sai aka tarar girman ƙwayayensu ya rikice, kuma waɗanda suka lalace sun fi na 'yan'uwansu da ba a ba su ba. An buga wannan a 2019. Kafin nan, a 2016, a wannan jami'ar an ba 'ya'yan ɓeraye mata maganin cikin makonsu na fari. Da suka girma sun ɗauki ciki, amma 'ya'yan da suka lalace a mahaifa sun yi yawa.

Atirazin kuwa, a 2000 masu bincike a Amurka sun nuna yana jinkirta balagar ɓeraye mata. Yana kuma daɗewa a ƙasa ya bi ruwa ya shiga rijiya da tafki. Don haka Tarayyar Turai ta hana aiki da shi a 2004.

Lura, waɗannan dabbobi da gangan aka ba su maganin don gwaji. Ba duk tunkiyar da ta ƙi ɗaukar ciki ba ce magani ya taɓa. Yunwa, tsutsar ciki da bakkale duk suna jawo ɓari da rashin haihuwa. Amma tun da an ga ɓarnar, mai hankali ba zai jira ta same shi ba.

TA INA MAGANIN KE SHIGA?

Da damina dabbobi suna ɗaure a gida, ciyawa ake yanko musu. Yaro ya kan tafi gefen gona inda ta fi ɗanye ya cika buhu. To, ciyawar da aka fesa wa gilaifoset ba ta canza kama nan da nan. Sai ta yi kwanaki tana shar kafin ta fara rawaya, ido ba zai gane ta ba. Wannan ita ce babbar hanya.

Sauran hanyoyin su ne: wanke injin feshi a bakin tafkin da dabbobi ke sha, ɗebo musu ruwa a tsohuwar jarkar magani, da ajiye magani a ɗaki ɗaya da dusa ko harawa.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kafin feshi ka gaya wa iyalinka da maƙwabta. Ka kafa sanda da jan ƙyalle a gonar don masu yankan ciyawa da makiyaya su gani.

2. Ka ware wani gefe da ba za ka fesa ba sam, a riƙa yankan ciyawa a nan. Masu ciki, masu shayarwa da ƙanana su za a fara ba daga wannan.

3. Kowane magani da wa'adinsa na hana kiwo, wani kwanaki, wani makonni. Ka duba jikin kwalba, in ba ka iya karantawa ba ka kai wa malamin gona. Kada ka rage ko kwana ɗaya.

4. Kada ka wuce awon da aka rubuta. Kada ka yi feshi ana iska, ko hadari ya haɗo.

5. Kada ka haɗa magani ko ka wanke inji kusa da rijiya, rafi ko tafki.

6. Kwalbar da ta ƙare ka ɗauraye ta sau uku, ka juye ruwan cikin injin feshi, sa'an nan ka huda ta don kada kowa ya sake zuba ruwa ko mai a ciki.

7. Ka saya a wurin dillali sananne, mai lambar NAFDAC a jiki. Guji na tsiyaye a kwalbar da ba suna.

8. Bayan feshi ka yi wanka da sabulu ka sake tufafi kafin ka taɓa jaririn dabba ko abincinsu.

KA TUNA

A gidaje da yawa awaki na uwargida ne, su ne asusunta. Jar akuya mai lafiya ta kan haifi tagwaye, daga nan ake samun na suna, na salla da na makarantar yara. In 'yarta ta tashi juya, an yi asarar abincin shekara guda da duk 'ya'yan da za ta haifa. Don haka ka karanta wa uwargida da yara wannan takarda, su ne ke ba dabbobi abinci.

In ka ga ɓari ya yi yawa a garkenka, ko 'yan matan dabbobi sun wuce shekara ɗaya da rabi ba ciki, kada ka yi shiru. Ka je asibitin dabbobi, ka faɗa musu irin maganin da ka fesa da lokacin da ka fesa shi.

Don ƙarin bayani tuntuɓi malamin gona na yankinku.