Yadda Ake Rubuta Hausa da Ajami

A kasuwannin hatsi na Dandume da Bakori, da ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, har yanzu akan ga dattijo ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya rubuta bashin taki ko adadin buhunan masara da ajami. Bai shiga wani aji na musamman don wannan ba. Abin da ya samo a makarantar allo ne ya tanƙwara shi ya ɗauki Hausa, kamar yadda su Nana Asma'u suka yi a ƙarni na 19.

Ana farawa da kayan aiki. Alƙalami na gamba ne ko sillen kara, a fere bakinsa a karkace, a ɗan tsaga shi don ya riƙe tawada. Tawadar allo da baƙin gawayi da ƙaro ake haɗa ta, saboda ta wanku. Ta takarda kuwa da bagaruwa ake dafa ta, ita ba ta fita. Sai a tuna hannu daga dama yake tashi ya nufi hagu, layi kuma na bin layi zuwa ƙasa. Kowane rubutu da alƙiblarsa: na Mongoliya na gargajiya daga sama yake gangarowa, N'Ko da Sulemana Kante ya ƙirƙiro a 1949 da Adlam na Fulanin Gini kuwa sun bi hanyar Larabci.

Daga nan sai babbaƙu. Almajiri ya san su da sunayen da malamai suka laƙaba musu tun da: ba guje, ta guje, kaf lasan, lam ara da lam jaye, nun guda, ɗa mai hannu. Sunan yakan canza idan siffar harafin ta canza, domin yadda yake a tsakiyar kalma daban, yadda yake a ƙarshe daban. Kuma tun da rubutunmu na Magaribi ne, irin na Alƙur'anin Warshu, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Wanda ya saba da bugun Masar ko na Madina, nan yake fara tuntuɓe.

Inda aikin yake shi ne sautukan da Larabci ba shi da su. Malamai ba su ƙera sababbin haruffa ba, sai suka ba tsofaffin sabon aiki. Angai ya zama g, ƙaf ya zama ƙ, ɗa mai hannu ya zama ɗ, idan aka ɗora masa ɗigo uku ya koma ts. Harafin nan mai ɗigo uku da ke bin ta guje shi ne c. Wajen ɓ ne aka rarrabu: wani ya ƙara wa ba ɗigo a ƙasa, wani ya bar shi haka nan, mai karatu ya gane daga ma'ana. Ni dai ina tare da masu ƙara ɗigon, don bari da ɓari ba abu ɗaya ba ne ga mai awon hatsi.

Sai wasali. Balarabe yakan rubuta littafi guda ba wasali, a karanta lafiya lau. Hausa ba ta yarda da haka, wanda ya bar wasali ya rubuta wa kansa ne kaɗai. Fataha a sama ita ce a, kisira a ƙasa i, rufu'a u. Wasalin e kuma ɗigo ne mai kauri a ƙarƙashin harafi, imala, aro daga karatun Warshu. Harafin da ba shi da wasali a sa masa ɗauri, wanda aka nanata a sa masa shadda. Ɗauki Funtuwa: fa da rufu'a, nun da ɗauri, ta da rufu'a, wau da fataha.

Idan wasalin dogo ne sai a bi shi da alif ko wau ko ya. Nan ajami ya yi wa boko fintinkau. Dawa ta rumbu da dawa ta maharba, boko ya rubuta su iri ɗaya, tun daga ƙa'idojin Baturen nan Ɗan Hausa na 1912 har zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939. A ajami ta rumbu tana ɗauke da alif bayan dal, ta maharba babu. Sai dai shi ma yana da nasa rauni: rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar u da o, saboda haka kuka da koka sukan fito da kama ɗaya, in ba marubucin ya ɗora wata 'yar alama a kan wau ba. Karin sauti kuwa duk su biyun ba su taɓa shi.

Mai son gwada hannunsa ya ciro takardar naira 500 ko 1,000 ya kwaikwayi abin da ke jikinta, don ajamin yana nan, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardun a 2007. Bayan haka ya rubuta layi uku na kansa, ya bari tawadar ta bushe, ya miƙa wa wani almajiri ba tare da ya gaya masa abin da ke ciki ba. Duk inda ya yi gargada, a duba wurin: galibi wasali ne ya faɗi, ko ɗigo ya zauna kan harafin maƙwabci.