Darasin Kasuwanci: Janye Tayi Bayan An Sallama

Manomin Arawa mai neman irin wake a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya san ƙa'ida: muddin mai kaya na cewa "albarka", mai tayi na iya fasawa. Da zarar ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. A mazhabar Malikiyya, ba a warware shi sai da yardarsa.

Dalili kuwa, tayi mai tsoka kan kori sauran masu saye. Idan aka janye shi, mai kaya ya rasa kasuwa, dillali ya rasa la'ada, damina kuma ba ta jira.

Hatta a gwanjon intanet na eBay, in saura ƙasa da awa 12 a rufe, awa ɗaya tak mai tayi ke da ita ta janyewa.