Orka kifi ce, kuma tana cin mutum?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya aiko yana tambaya game da orka, dabbar tekun nan mai baƙin baya da farin ƙirji: kifi ce? Tana cin mutum?

To, malam, orka ba kifi ba ce. Haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono, kuma dole ta riƙa leƙowa saman ruwa tana shaƙar iska ta wata kafa da ke bisa kanta. Ita ce babba a dangin dolfin, namiji kan kai mita 8.

Batun cin mutum kuwa, ba a taɓa tabbatar da ta kashe ɗan Adam a cikin teku ba. Inda aka yi asarar rai, a tafkunan wasa ne da ake tsare ta, kamar yadda ya faru a Florida a 2010.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne zumuncin dangin orka. Tsohuwa ce ke jan gida, 'ya'ya da jikoki na bin ta, kuma kowane dangi da irin kukansa. A 2018, a gaɓar jihar Washington ta Amurka, wata uwa ta yi kwana 17 tana tallabe da gawar 'yarta.

Danginta ba su kai 80 ba yanzu. Kifin salmon da suke ci ya yi ƙaranci, ƙarar jiragen ruwa na hana su farauta, gubar masana'antu kuma na taruwa a kitsensu. Tun 2005 Amurka ta sa su cikin dabbobin da ake gudun ƙarewarsu.