Darasin Lafiya: Tozali, Dalma da Ɗan Tsinken da Ke Karanta Jini

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shigowa birnin Zariya sayayyar kayan suna ya san teburin 'yan koli. Ka shiga ta Ƙofar Doka ka nufi kasuwar cikin birni, za ka tarar da su da allura da zare, madubi, turare, da wani baƙin dutse mai walƙiya wanda ake niƙawa a ɗura a tandu. Tozali ke nan, wasu su ce kwalli. Kakanninmu sun sa mana, mu ma muna sa wa jariranmu, Kirista da Musulmi duka, don ido ya washe ya yi kyau. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan dutse ne, da wani ɗan abin gwaji wanda ke iya nuna abin da dutsen ya bari a jinin yaro.

Sau da yawa baƙin dutsen nan mai walƙiya dutsen dalma ne, dalma kuwa guba ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da labarin wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, wanda aka sami dalma a jininsa. Da aka bi sawu, ashe tozalin da ake sa masa ne. Da aka auna tozalin, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga.

Wahalar dalma ita ce ba ta yin shela. Yaro yana wasa, yana cin abinci, alhali tana taɓa ƙwaƙwalwarsa a hankali. Sai ya shiga makaranta a fara cewa ba ya gane karatu, har a yi ta dukansa. Idan ta yi yawa ne ake ganin amai, ciwon ciki da jijjiga, a nan ma sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko mu ce iska.

Abin da ya faru a Zamfara

A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Mutanen suna haƙo dutsen zinariya su kawo cikin gida a daka a niƙa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta baɗe tsakar gida inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

A irin waɗannan ƙauyuka babu wuta, babu ɗakin gwaji, ga yara dubbai da za a duba. A nan ne wata 'yar na'ura mai suna LeadCare II ta yi amfani. Girmanta kamar na ƙaramar rediyo, tana iya aiki da batir, a minti uku take ba da sakamako. Amma aikin ba a cikin akwatin yake ba, a kan wani ɗan tsinke yake wanda ake zurawa a bakinta. Wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya san ɗan'uwan wannan tsinke.

Yadda tsinken ke aiki

Ku duba kan batirin mota, akwai kawuna biyu inda wuta ke shiga da fita. Masana suna kiran irin wannan kai ilektirod. A kan tsinken gwaji ma akwai su, sai dai ƙanana ne ƙwarai, kuma ba ƙera su ake yi da guduma ba, buga su ake yi. Kun ga yadda ake buga rubutu a kan rigunan taron matasa, a shimfiɗa rariya a shafa fenti ya bi ta inda aka buɗe? Haka ake buga layukan tsinken, da tawada mai ɗauke da garin kabon, wato dangin gawayi, a saka 'yan ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani. Waɗanda suka fi wannan ƙanƙanta da haske ake zana su, kamar wankin hoto, a ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Ana ɗibar jini kamar ɗigo biyu daga yatsa, a gauraya da ruwan asid mai sauƙi wanda ke fasa ƙwayoyin jini ya saki dalmar da ke ciki. Sai a ɗiga a kan tsinken. Na'urar ta saki 'yar wuta, dalmar ta taru ta manne a kan ilektirod ɗin, kamar yadda ake tsoma ɗan kunne a ruwan gwal ya fito da rufi. Daga nan sai ta juya wutar, dalmar ta saki ta koma cikin ruwa. Wajen sakin nan takan haifar da motsin lantarki, shi na'urar ke aunawa. Dalma da yawa, motsi da yawa. Ni dai wannan dabara ta burge ni: abin da ya yi kaɗan har ba a iya auna shi, sai a fara tara shi wuri ɗaya tukuna, kamar mai kalar gyaɗa.

Sakamakon yakan fito da lamba, wato maikirogiram nawa ne a cikin desilita ɗaya na jini. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, idan lambar ta kai 5 sai a nemo inda dalmar ke fitowa a raba mutum da shi. Idan ta kai 45 a jikin yaro, likita yakan ba da maganin da ke jawo ta daga jiki. Na'urar tana karantawa daga 3.3 zuwa 65. A Zamfara yara da yawa sun zarce 65, sai da aka riƙa sirka jinin kafin a sami lamba.

Kada mu ɗauka tsinken ba ya kuskure. Idan ba a wanke hannun yaro da sabulu sosai ba, ƙurar da ke yatsa za ta ɗaga lambar. A 2021 kuma an janye wasu kayan gwajin daga kasuwa domin suna nuna ƙasa da abin da ke akwai, wanda ya fi haɗari, tun da uwa za ta koma gida hankalinta kwance. Shi ya sa idan lamba ta fito da yawa ake ɗibar jinin jijiya a kai babban ɗakin gwaji a tabbatar.

Ba jini kaɗai ake gwadawa haka ba. Masu bincike suna amfani da irin waɗannan ilektirod su auna dalma a ruwan rijiya da na kogi, inda iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya take maikirogiram 10 a lita. A nan Zariya masana na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NARICT ta Basawa sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba a ruwa da ƙasa, amma sai an ɗauki ruwan a kwalba an kai wa babbar na'ura. Amfanin tsinke shi ne a je da shi bakin rijiya. Mu lura da wannan: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma. Tun shekarun 1970 kuma masu nazarin ƙwaƙwalwa suke sa ƙananan ilektirod a kan ɓeraye don auna sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, irin wanda ke ƙaranci a jikin mai ciwon karkarwa na Parkinson. Na yau wasunsu ba su kai silin gashi kauri ba.

Yawancin asibitocinmu na ƙauye ba su da wannan na'ura, saboda haka abin da ke hannunmu shi ne toshe hanya. Ba a gane tozali mai dalma da ido, don haka kada a sa wa jariri ko kaɗan, mai ciki ma ta haƙura, domin dalma tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke cikinta. Kada a fasa tsohon batirin mota ko na sola a tsakar gida. Wanda ya je haƙar zinariya kada ya kawo dutsen gida, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Idan kuwa gidanku ya taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan, ku faɗa wa likita da bakinku ku roƙi a auna dalma a jinin yaran, domin gwajin zazzaɓi ba ya nuna ta.

A taron zumuntar mata mai zuwa, muna roƙon kowace uwa ta zo da tandun gidanta. Shugabar mata ta karanta wannan darasi da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma gayyaci ungozomar gari da kakannin yara, tun da su ne ke yi wa jariri wanka su sa masa tozali.