DARASIN WANNAN WATA: WA KE DA ALHAKIN TSARE HANYAR RUWA?

Darasinmu na wannan wata a kan ruwan sama yake, da mutanen da hukuma ta ɗora wa nauyin tsare hanyarsa. A karanta a hankali. Wanda ya gama, ya karanta wa maƙwabcinsa.

Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara. Wannan gulbi arziki ne. Da shi muke noman shinkafa da albasa a fadama, a cikinsa masunta ke kamun kifi. Amma idan ya cika ya batse, ba ya sallama kafin ya shiga gida. A shekarar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi. Jega da Maiyama suna cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. A 2012 kuwa, ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu.

Ruwan sama daga Allah ne, babu mai hana shi sauka. Amma toshe masa hanya aikin mutum ne. Ruwa kuwa idan ya tarar an toshe hanyarsa, sai ya nemi wata, ko da ta tsakar ɗakin wani ce. Ginin ƙasa ba ya jure ruwa ya kwana a gindinsa. Shi ya sa aka yi doka, aka kuma sa ma'aikata su tsare ta.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai gina magudanan ruwa da gyara su, da kwashe shara. Dokar Filaye ta 1978 ta ce a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar fili. A wuraren da aka ayyana su birane kuwa, gwamna ne ke bayarwa. Dokar Tsara Garuruwa ta 1992 ta ce sai an sami izini kafin a yi gini. Ashe ke nan aikin yana da masu shi. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya.

1. MA'AIKACIN FILAYE DA TSARA GARI

Shi ne mutum na farko. Kafin a ba da fegi, ko a yarda a yi gini, aikinsa ne ya je wurin da ƙafarsa. Ya duba gangaren ƙasa. Ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya saba bi, da inda ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Idan wurin hanyar ruwa ne, ko tsohon kududdufi, ko bakin gulbi, wajibi ne ya hana.

Misali, a ce wani ya sayi fegi a gefen kwari saboda araha. Ya zuba ƙasa ya cike kwarin, ya ja katanga. Da rani babu wanda zai ga laifinsa. Da ruwan Agusta ya sauka, sai ya doki katangar ya juya. Gidansa ya tsira, gidaje biyar na bayansa suka zube. Da ma'aikacin filaye ya hana shi tun ranar da aka haƙa tushe, da ba a kai ga haka ba. Saboda haka idan ka ga an sa wa gini jan fenti an ce a tsaya, kada ka ce ƙiyayya ce. Je ka ofis ka ji dalili.

2. SASHEN AYYUKA

Wannan sashe na ƙaramar hukuma shi ke kula da lambatu da kwalbati. Aikinsa ne ya zagaya tun da rani, ya ga wanda ya fashe da wanda yashi ya cike. A yashe su kafin ruwan farko, wato tun cikin Afrilu ko Mayu. Ƙasar da aka yaso kuma a kwashe ta. Idan aka bar ta a bakin lambatu, ruwa ɗaya zai mayar da ita ciki, aikin ya zama na banza. Idan kwalbatin na babbar hanya ne, wanda ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, sai ta rubuta wa gwamnatin jiha ko ta tarayya.

3. DUBA-GARI

Kowa ya san duba-gari. Shi ne ke shiga unguwa-unguwa da kasuwa. Yana duba kwata da rariya da masai da juji. Idan ya tarar wani na zuba shara ko leda a lambatu, ko ya kafa rumfa a kansa, zai fara da yi masa gargaɗi. Daga nan ya ba shi takarda mai wa'adin kwanaki don ya gyara. Idan wa'adi ya cika bai gyara ba, sai a kai shi kotu. Alƙali ne ke yanke hukunci. Duk tarar da ka biya, ka karɓi rasit.

Aikin duba-gari tsaron lafiya ne. Ruwan da ya kwanta shi ke haifar da sauro, sauro ya kawo zazzaɓi. Idan ambaliya ta haɗa masai da rijiya, sai amai da gudawa ya ɓarke, yara ne kuma kan fi shan wuya.

4. UBAN ƘASA, HAKIMI DA MAI UNGUWA

Su ne idon hukuma a cikin jama'a. Mai unguwa ya san kowane lungu. Sau da yawa da shaidarsa ake cinikin fili. Haƙƙi ne a kansa ya faɗa wa mai saye gaskiya idan wurin na ruwa ne. Shi ne kuma ke kiran aikin gayya don yashe kwata, ya sasanta maƙwabta idan rigimar indararo ta taso.

5. MASU KAI GARGAƊI

Kowace shekara kafin damina, hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama. Hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da ta jiha, SEMA, suna isar da saƙon. Aikin shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli ne su kai shi har ƙauye, ta rediyo da masallatai da bakin mai shela. Su kuma tanadi tudun da jama'a za su koma idan ruwa ya zo.

IDAN MA'AIKACI YA ƘI YIN AIKINSA

Wani ma'aikacin yakan kau da kai don mai ginin babban mutum ne. Wani yakan karɓi na goro ya sa hannu. Wannan cin amana ne, kuma talakan da ke gangare shi ke biya da gidansa. Doka ɗaya ce ga mai kuɗi da marar shi.

To, ga amfanin karatun da kuka koya. Ku haɗu ku rubuta takarda. Ku faɗi sunan unguwa, da wurin da aka toshe, da kwanan wata. Ku sa hannu, ku kai wa kansilanku da mai unguwa, ku ajiye kwafi ɗaya. Maganar baki ana mantawa da ita, takarda kuwa tana nan. Ko a Jega Magaji kake, ko Firchin, ko Kimba, ko Aliero, ko Maiyama, kana da kansila, kana da ikon tambayarsa.

NAMU AIKIN

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada mu zuba shara a lambatu. Kada mu sayi fili sai mun tambayi tarihinsa da damina. Kada mu ajiye hatsi ko albasa a inda ruwa ke kwanciya. Idan aka ce a tashi daga bakin gulbi, mu tashi, domin ana sake gina ɗaki amma ba a sake rai. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Wane gulbi ne ya bi ta Jega?
2. Me ya kamata ma'aikacin filaye ya yi kafin a ba da fegi?
3. A wane lokaci ya kamata a yashe lambatu?
4. Me duba-gari ke yi kafin ya kai mutum kotu?
5. Rubuta takarda mai layi biyar zuwa ga kansilanka a kan wata hanyar ruwa da ta toshe a unguwarku.

A kai wa malamin aji amsoshin ya duba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya, amin.